Na bayan kunne ko na cikin kunne? Abin da na koya wajen nema wa Kawu na'urar ji a Legas

Shekara talatin da ɗoriya Kawuna ya yi yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ba a taɓa saninsa da wulaƙanta mutum ba. Shi ya sa da aka fara ƙorafin ana gaishe shi yana share mutane, abin ya ɗaure mana kai. A masallaci na gano bakin zaren. Muna sahu ɗaya a sallar Magariba, liman ya yi kabbarar ruku'u, kowa ya sunkuya, Kawu na tsaye ƙyam sai da ya ga na gefensa sun duƙa. Da muka fito na ce, "Kawu, anya kunnenku lafiya kuwa?" Ya ce, "Kunnena garau yake, ɗana. Mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki, sai su dinga cinye magana."

Daga baya na gane cewa amsar nan tasa ita ce bayanin larurar baki ɗaya. Can cikin kunne, bayan dodon kunne da wasu 'yan ƙasusuwa uku, akwai wani sashe a nannaɗe kamar katantanwa, cike da dubban ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Tsufa da yawan zama cikin ƙara suna kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Waɗanda ke fara tafiya su ne masu kama siririn sauti, irin na s da f da sh da ts. Muryar mutum tana isowa da ƙarfinta, amma baƙaƙen da ke bambanta kalmomi sun zube a hanya. Ka ce "fata", ya ji kamar "sata". Wannan ne ya sa ihu a kunnen dattijo ba ya ƙara masa fahimta, sai dai ɓacin rai. Kuma wannan ne ma'aunin da za ka ɗora kowace na'ura a kai: shin tana ɗaga sautin da ya ɓace ne kaɗai, ko tana ɗaga komai da komai?

Ni ban san haka ba a lokacin, sai na yi abin da kowa ke yi. Na shiga wani shagon kayan lantarki na sayo wata 'yar na'ura mai kama da ta asibiti, kuɗinta bai kai na buhun albasa ba. Kwana biyu Kawu ya yi da ita. Hon ɗin motocin haya na danfo, rurin janareta, ƙarar tirela tana juyawa, ihun 'yan dako, duk ta kwaso ta zuba masa a ka, muryar mai ciniki kuwa tana nan a dagule yadda take. Ya cire ya miƙo mini ya ce, "Karɓi abinka, wannan ai azaba ce." Irin waɗannan lasifika ce kawai aka ƙanƙantar, ba a saita su da kunnen kowa ba, wasu ma ba su da abin da ke tare ƙarar da ta wuce kima, don haka suna iya cinye ɗan jin da ya rage. Kuɗin da na yi asara bai dame ni ba kamar watannin da na shafe ina lallashin Kawu ya yarda a sake gwada wata. Duk wanda ya tambaye ni yau, wannan rukunin nake fara cire masa daga lissafi.

Kafin maganar saye, sai an duba kunnen. Asibitocin koyarwa biyu na Legas, LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai kuma cibiyoyin gwajin ji masu zaman kansu. Likita zai fara leƙawa, domin ba kowane rashin ji ne ke buƙatar na'ura ba. Wani dauɗar kunne ce ta toshe shi, a wanke masa ya koma gida. Wani ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne, wani dodon ne ya huje, wani kunnen na zubar da mugunya. Waɗannan magani ko tiyata ake fara yi musu. Wanda kuma ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ya tsaya ɗiga man zaitun yana jira, ya nemi likita a ranar, domin maganin irin wannan a kwanakin farko yake aiki.

Gwajin kansa ba ciwo. An sa Kawu a wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka ɗora masa abin sauraro a kunne, aka ce duk sanda ya ji "ƙiii", kome ƙanƙantarta, ya danna. Aka fito da takarda mai zane biyu, ja na kunnen dama, shuɗi na hagu. Da desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, ake aunawa. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ƙasa da 20 lafiya ne, 20 zuwa 35 rauni kaɗan, 35 zuwa 50 matsakaici, 50 zuwa 65 ya fara tsanani, 65 zuwa 80 mai tsanani, daga 80 kuwa ko ihu da ƙyar ake ji. Na Kawu ya faɗo a sittin da wani abu, ya fi zurfi ta ɓangaren siririn sauti. Ka riƙe takardar nan da kyau, ka ɗauki hotonta a waya. Da ita ake saita na'urar a kwamfuta, kuma ita ce ke fara rage maka zaɓi tun kafin a zo maganar aljihu.

Ƙira uku za a shimfiɗa maka a kan tebur. Ta farko ita ce ta bayan kunne: injin gaba ɗaya yana rataye a baya, sai ɗan tiyo ya zagayo ya shiga wata toshiya da aka zuba daidai da kunnen mai ita. Ta biyu ma a baya take rataye amma ta fi ƙanƙanta, an ciro 'yar lasifikar an sa a cikin ramin kunne, siririyar waya kamar zare ta haɗa su. Ta uku kuwa komai nata a cikin kunne yake, wata ta cika bakin kunnen, wata ta nutse can ciki har ba a ganinta.

Ta ukun nan ita kowa ke fara miƙa wa hannu, har Kawu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ba wanda ke so a ce masa kurma a kasuwa. Abin mamaki mutum zai sa tabarau ya fita ba ko ɗar, amma abin kunne sai ya zama abin ɓoyo, alhali a ƙididdigar hukumar da na ambata mutum miliyan 430 ne a duniya jinsu ya yi raunin da ke buƙatar taimako. To amma bari in faɗi gaskiyar abin da ka saya idan ka ɗauki mai nutsewa. Ƙaramar lasifika gare ta, ba ta da ƙarfin da zai ishi mai rauni mai tsanani. Batirinta shi ne mafi ƙanƙanta, kwana kaɗan ya ƙare. Mafi ƙanƙantarsu makirufo ɗaya gare su, saboda haka ba sa iya fifita muryar wanda ke gabanka a kan hayaniyar bayanka, wanda shi ne babban abin da ɗan kasuwa ke nema. Sannan yini take yi a inda gumi da dauɗar kunne suka fi yawa, a garin da riga ma ba ta bushewa a igiya in damina ta kankama. Ga dattijon da yatsunsa suka yi kanta, idonsa ya yi rauni, sa ta da cire ta kaɗai aiki ne. Inda ta yi kyau, ba na musu: ba ta rigima da tabarau ko rawani ko ɗankwali, iska ba ta cika hura ta ba, kuma waya a kunne ake kara ta yadda aka saba. Matashi mai rauni kaɗan da ke aiki a ofis mai sanyi a Ikoyi ko Ikeja, kunnensa busasshe, zai iya jin daɗinta. Mai yini a rana a Mile 12 ko mayankar Oko-Oba, a'a.

Ainihin takara tsakanin na bayan kunnen biyu take, kuma a nan na fi daɗewa ina jujjuya abin.

Mai siririyar waya ta fi daɗin sauti ga yawancin mutane. Saboda ba ta toshe kunne ruf, sautin da mutum ke ji da kansa yana shiga yadda ya saba, ita kuma ta cika masa abin da ya ɓace, muryarsa ba ta dawo masa kamar yana magana a cikin randa. Ba ta da nauyi, kuma in ba an ƙura ido ba ba a lura da ita. In jin ya ƙara raguwa, ana iya sauya 'yar lasifikar da wadda ta fi ƙarfi ba sai an sayi sabuwar na'ura ba. Rauninta yana daidai inda ƙarfinta yake: lasifikar nan da ke cikin kunne ita ce ke fara mutuwa in damshi da dauɗa suka yi mata yawa. Tana da ɗan matacin da ke tare dauɗa, kamar ƙwayar gero, wanda dole a riƙa sauyawa. Da yawa daga cikin masu cewa "ta lalace" matacin nan ne ya toshe. In kunne na zubar da ruwa lokaci-lokaci, a manta da ita.

Mai tiyo kuwa jaki ce, ba ado sai ɗaukar kaya. Duk abin da ke da lantarki a jikinta yana waje, abin da ke cikin kunne roba ce zalla, ka zare ta ka wanke da ruwa da sabulu, ta bushe sarai ka mayar. Ita ce mafi ƙarfi, ita ake ba masu rauni mai tsanani, ita ake ba yara domin kunnensu na girma, toshiyar kawai za a riƙa sakewa. Madanninta manya ne, yatsa na samunsu. Aibinta: ana ganinta, tana cushe kunne a makonnin farko, tiyon yana bushewa ya yi tauri bayan wasu watanni sai an sauya, kuma in toshiyar ba ta zauna daidai ba sai ta dinga fito, "fiiii", har na kusa su ji. Hula ko hijabi in suna gogar makirufon sukan yi ƙwaras-ƙwaras, wannan kuma duk na bayan kunne sun yi tarayya a kai.

Akwai abin da ba za ka gani a takardar kamfani ba, domin waɗanda suka rubuta ba su yi lissafin mu ba: alwala. Sau biyar a yini, wani lokaci fiye, jiƙaƙƙen yatsa zai shiga kunne. Yawancin na zamani suna da lambar IP68, wato an yi su su jure ƙura da ruwa, amma wannan ba lasisin jiƙa su kullum ba ne, balle a mayar da su cikin kunne mai laima. Sai an cire, an yi alwala, an goge kunnen, an mayar. Ka lissafa sau nawa ke nan a shekara hannu zai cire ya mayar, a bakin famfon masallaci, cikin sauri, ƙasa a jiƙe. Babba in ta faɗi za ka gan ta. Mai kamar ƙwayar wake in ta gangara kwata, sai dai innalillahi.

Sai maganar wuta, wadda a Legas ba a raina ta. Batiran da ake sauyawa iri huɗu ne, kowanne da launin takardar da ke manne a bayansa: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska suke aiki, don haka da zarar ka ɓare takardar sun fara ci ke nan ko ba ka sa su ba, kuma ana so a ɗan jira kamar minti ɗaya bayan ɓarewa kafin a rufe su. Ƙaramin bai cika kai mako ba, babban yakan yi mako biyu ko fiye. Ba a kowane kemis ake samun su ba, sai ka sayi kwali ka ajiye, nesa da yara, domin haɗiye batirin maɓalli abu ne na gaggawar asibiti. Masu caji kuwa ka ɗora su awa uku zuwa huɗu su kai ka yini, jikinsu a rufe yake ba ƙofar batirin da gumi zai bi, kuma ba ɓare-ɓare da ƙananan abubuwa. Da farko na ɗauka rashin wutar NEPA ya kashe maganarsu, ashe ba haka ba ne: abin da suke sha kaɗan ne, yawancinsu fawa bank ɗin waya ya ishe su, wasu ma akwatin cajinsu na riƙe wutar 'yan kwanaki. Matsalarsu biyu ce. In ka manta ba ka yi caji ba, ka wayi gari ba kunne. Bayan wasu shekaru kuma batirin ciki zai gaji, sai an mayar wa masu ita. Wanda ke zaune wuri ɗaya, mai caji ta fi masa sauƙi. Wanda ke bin motar kaya zuwa Arewa sarin albasa ya kwana a ƙauye, fakitin batir a aljihu ya fi masa kwanciyar hankali.

Sunan kamfani shi ne abin da na fi ɓata lokaci a kai, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Phonak na Suwizalan, Oticon da ReSound da Widex na Denmak, Signia mai asali daga Jamus, Starkey na Amurka, duk suna yin kaya masu kyau, kuma kowannensu na da mai araha da mai tsada a cikin ƙira ɗaya. A ɗaki shiru, mutum biyu suna hira, da wuya ka bambance mai arahar da mai tsadar. Ƙarin kuɗin na tafiya ne wajen dabarun rage hayaniya da sauya saiti da kanta in ka fita daga ɗaki zuwa titi. Yana taimakawa, amma kada wani ya ce maka akwai wadda za ta mayar da hayaniyar Oshodi shirun ɗakin karatu. In kuɗin ba su kai ba, gara guda biyu masu matsakaicin farashi da guda ɗaya mai tsada, matuƙar kunnuwan biyu ne suka raunana: da kunne biyu ƙwaƙwalwa ke gane ta ina mota ke tahowa, da su take tsamo murya daga cikin surutu. Haɗa na'ura da waya ta Bluetooth kuwa abu ne mai daɗi, kira ya shigo kai tsaye cikin kunne, ka saurari tafsiri ba ka dami kowa ba, amma ka je da wayarka a gwada a gabanka, don ba kowace waya ke haɗuwa da kowace na'ura ba. Kawu da 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, biyan kuɗin wannan asara ce. Farashi ban kawo ba da gangan: kayan waje ne, da dala suke tafiya, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 farashin da aka faɗa maka bara labari ne.

Abin da ya fi sunan kamfani shi ne wanda zai saita, da nisansa da gidanka. Na'urar nan ba a saye a wuce, sai an koma sau biyu ko uku a watannin farko ana gyara saiti, daga baya kuma ga tiyo, ga mataci, ga gyara. In kana Agege mai saitin yana Lekki, cunkoson hanya kaɗai zai sa ka daina zuwa. Ka tambaye shi ko yana auna sautin a cikin kunnen mai ita bayan ya sa na'urar, da ɗan siririn tiyon gwaji, ko saitin kamfani kawai yake bari. Ka tambayi garanti na shekara nawa ne, in ta lalace a nan ake gyarawa ko sai an tura waje, kuma akwai kwanakin gwaji da za a iya mayarwa. A rubuta maka a rasit. Wannan ne kuma ya sa nake taka wa masu cewa "ɗana zai aiko mini daga Ingila" burki: a fara tambaya ko akwai mai manhajar saita wannan samfurin a Legas, in ba haka ba tsaraba za ta ƙare a durowa.

Tun Oktoban 2022 Amurka ta halatta sayar da wasu na'urorin ji ba tare da ganin likita ba, a 2024 kuma hukumar magungunansu ta amince AirPods Pro 2, abin sauraron da ake maƙalawa a kunne na kamfanin Apple, su yi wannan aiki. Waɗannan sun bambanta da tarkacen da na saya wa Kawu, domin da yawansu ana saita su da gwaji a waya. Amma an yi su ne don manya masu rauni kaɗan zuwa matsakaici, AirPods kuma cajinsu 'yan awoyi ne, ba na yini ba. Ɗan boko mai iPhone da ke son ya ɗanɗana ya ji ko ƙarin sauti zai amfane shi, ba laifi. Ba na yara ba ne, ba kuma na irin su Kawu ba.

Yaro lissafinsa daban, kuma a nan jinkiri ne abokin gaba, domin da ji ake koyon magana. Jaririn da ya yi shawara mai tsanani, yaron da ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda ko hangum, ko wanda aka yi wa allurai masu ƙarfi irin su jentamaisin, a kai shi gwaji ko da ana ganin lafiya lau yake. In raunin ya kai inda mai tiyo mafi ƙarfi ma ba ta isa ba, akwai na'urar da ake dasawa da tiyata a cikin katantanwar nan, tana aika saƙo kai tsaye ga jijiyar ji. Tsadarta ta ninka ta sauran nesa ba kusa ba, tana kuma buƙatar dogon horon magana, kuma bayan sanƙarau ba a jan ƙafa domin wurin na iya daskarewa ya zama ƙashi. Ko an samu ko ba a samu ba, kada a hana yaro maganar hannu. Akwai makarantar Wesley ta masu larurar ji a Surulere.

Mu dai mai tiyo muka ɗaukar wa Kawu, guda biyu, masu batir lamba 13. Goggona da ke Agege, wadda nata raunin matsakaici ne kuma yawanci a gida take yini da jikoki, mai siririyar waya da caji aka sa mata, 'yarta ce ke sauya mata mataci. Makon farko Kawu ya yi ta mita, wai taunarsa ma ƙara take masa, takalminsa kamar ana buga ganga. Mai saitin ya ce ya fara da 'yan awoyi a gida yana ƙarawa, ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru cikin shiru sai ta sake sabo. A komawa ta biyu aka rage masa kaifin ƙarar ƙarfe, aka ɗan shafe toshiyar hagu da ke ci masa kunne.

Yanzu yana da ɗan gwangwani a aljihun gaba, nan yake sa su in zai yi alwala. Da dare ya buɗe ƙofar batirin, ya jefa su cikin kwalba mai murfi da ƙwayoyin nan masu tsotse laima. A sahu tare muke sunkuyawa. A kasuwa kuwa, in manyan motoci na sauke kaya da safe, har yanzu sai ya jawo mai ciniki bayan buhuna, ya juya wa titi baya, ya kalli bakinsa kafin a yanke farashi. Tiyon dama ya fara tauri, ranar Talata zan raka shi a sauya.